Katakan da Fulvio Bai Taɓa Hawa Ba

A garinmu Valsora, can cikin duwatsun arewacin Italiya, akwai wani mutum mai suna Fulvio Pellegrin. Mutum ne mai faɗin ƙirji da zaƙin baki, wanda in ya fara magana a gidan kofi har mai zuba kofin takan tsaya ta saurara. Aibinsa biyu ne, kuma ɗaya ke ciyar da ɗaya: ga shi rago, ga shi kuma ya gwammace komai ya lalace da a ce ya yi kuskure.

Sa'ad da yake saurayi ya iya zamiya a kan dusar ƙanƙara, wannan ba wanda zai musa. Ya sha cin gasar gari. Da ya manyanta sai ya buɗe shafi a intanet, yana sharhi a kan katakan zamiya. Kowace shekara kafin dusa ta sauka, kamfanoni sukan aiko masa da sababbin katakai. Ya ɗaura a ƙafa, ya hau dutse, ya gangaro, sannan ya yi bidiyo ya faɗa wa mutane wanda ya dace da mai koyo, da wanda sai gwani. Da farko gaskiya yake faɗa, shi ya sa aka yarda da shi. Mutum zai taso daga Milano ya shiga shago ya ce, "A ba ni wanda Fulvio ya ba taurari biyar," ko tambayar tsayi ba ya yi.

Wata shekara ya yi mummunar faɗuwa a gangaren da muke kira Baƙar Hanya. Bai karye ba, amma tsoro ya shige shi bai fita ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya daina hawa, ya ajiye tumbi, kuma ya gano cewa ana iya yin sharhi ba tare da wahala ba. Sai ya hau motar igiya, wadda ke tafiya rataye a jikin waya, zuwa saman dutse, ya tsaya da jar rigarsa, ya yi zuba a gaban kyamara, sannan ya haɗa da hotunan da kamfani ya aiko na wani gwani mai hular kwano da tabarau, wanda ba a ganin fuskarsa. Katakan kuwa suna ɗakin ƙasa na gidansa, jingine da bango, ko ledarsu ba a cire ba. Matarsa Nives kaɗai ta san haka, domin ita ke share ɗakin.

Fulvio yana da yaya mace, Ornella. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. 'Yar ƙaramar mace ce marar nauyi, ta haura hamsin, kuma ita ke da gidan abincin da ke can saman dutse. Mijinta Ugo mai gasa burodi ne a cikin gari, mutum marar yawan magana. Kullum da yamma, in baƙi sun watse kuma motar igiya ta tsaya, Ornella takan kulle ƙofa, ta rataya jaka a baya, ta gangaro gida a kan katakanta. A gare ta zamiya ba wasa ba ce, hanyar gida ce.

A farkon sanyin bara tsofaffin katakanta suka tsage. Ta zauna da wayarta tana duba sharhi, ta faɗa kan na ƙaninta. Yana riƙe da wasu baƙaƙen katakai masu suna Walƙiya, yana cewa, "Jama'a, taurari biyar! Laushi, biyayya, sauƙin juyawa. Na gwada su a dusa mai taushi, na gwada su a ƙanƙara mai tauri. Ko kakarka ka ɗaura mata waɗannan, za ta riga ka sauka."

Gaskiyar magana, Walƙiya katakai ne dogaye masu tauri, an yi su ne domin ƙarfafan 'yan tsere masu nauyi. Sai an danne su da ƙarfi suke lanƙwasawa su juya. Fulvio bai san haka ba. Kalmomin da ya faɗa a kansu su ne ya saba faɗa a kan na shekarun baya.

Ran Lahadi Ornella da Ugo suka zo cin abincin rana a gidansa. Nives ta dafa polenta, wato tuwon masara, da narkakken cuku. Ana cikin ci Ornella ta ce, "Fulvio, na ga bidiyonka. Walƙiyar nan nake so in saya. Amma mai shago ya ce in sake tunani, wai sun yi mini tsayi."

Fulvio ya yi dariya da abinci a baki. "Mai shago! Shi da ke son ya sayar miki da kwantan bara? Yaya, ni za ki saurara ko mai shago?"

"Kai nake tambaya ai. Ka hau su da ƙafarka?"

Nives ta ajiye cokali ta dube shi. Ya ga kallon. Ya ga Ugo ma ya ɗago kai. Kalma ɗaya ce, "a'a", ta rage masa ya faɗa, kuma a cikin ɗakin ba baƙo ko ɗaya.

Ya ce, "Haba, Yaya. Ni za ki tambaya ko na hau? A Baƙar Hanya ma na gwada su. Saya kawai."

Ornella ta yi murmushi ta ce, "Shi ke nan. In kai ka faɗa, na gama."

Bayan sun tafi, Nives ta same shi a kicin. Ta ce, "Ka bi ta ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Cewa suna ƙasa a cikin leda. Yayarka ce fa, ba mutanen intanet ba."

Ya ce, "Katako katako ne, Nives. Duk abu ɗaya ne, fenti ne ya bambanta. Matar da ta shekara arba'in tana sauka daga dutsen nan, ko a kan ƙyauren ƙofa ma za ta sauka. Ke dai ki wanke kwanukanki."

Ornella ta sayi Walƙiya. Tun ranar farko ta ji ba daidai ba. In ta karkata hagu, katakan sai su ci gaba da tafiya miƙe, kamar dokin da bai san da mahayi a bayansa ba. Ta yi haƙuri ta ce ko sabunta ce. Da abin ya ci gaba, wata safiya ta shiga gidan kofi ta tarar da Fulvio a tsakiyar abokansa. Ta ja shi gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanena, katakan nan ba sa jin maganata. Jiya saura kaɗan in shige daji. Ko in mayar?"

In ta mayar, mai shago zai ji, kuma in mai shago ya ji, gari ya ji. Fulvio ya san haka. Maimakon ya amsa mata a hankali, sai ya ɗaga murya ya juya wajen abokansa.

"Ku ji fa! Yayata ta ce katakai ba sa jin maganarta. Yaya, ba katakan ba ne, gwiwoyi ne suka yi ritaya ba su sanar da ke ba. Tsufa ya zo, ki karɓe shi hannu biyu. In kin ga dama mu saya miki irin na yara, masu hoton zomo."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "A haɗa mata da sandar dogarawa!" Ornella ta tsaya tana murmushin dole, kunnuwanta sun yi ja. Mace ce da ba ta taɓa yarda wani ya ɗaukar mata jaka ba. Ta gyara hularta ta ce, "To, za mu gani ko tsufa ne," ta fita. Ba ta sake zancen mayarwa ba.

Bayan Sabuwar Shekara aka yi wata rana mai ɗumi, dusa ta narke sama-sama, da la'asar kuma sanyi ya dawo ya daskarar da ita ta koma kamar gilashi. Ornella ta kulle gidan abinci, ta rataya jakarta, ta kamo hanya. Akwai wata kwana a tsakiyar Baƙar Hanya inda dole a juya dama, domin gaba itatuwa ne da duwatsu. Ta wuce kwanar nan sau dubbai a rayuwarta. Ta karkata, ta danna iyakar ƙarfinta. Katakan suka ƙi.

Masu sintirin dutse ne suka same ta a gindin wata bishiya, idonta biyu, tana kallon sama. Ta ce musu ba ta jin zafi a ƙafafunta, sai ta ɗauka abin da sauƙi. Su kuwa da suka ji haka suka dubi juna, suka kira jirgi mai saukar ungulu. A asibitin birni likitoci suka gaya wa Ugo cewa ƙashin bayanta ya karye ya taɓa laka. Za ta rayu, amma ba za ta sake takawa ba.

Fulvio ya je asibiti sau ɗaya da furanni, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce yana sauri. Abin da ya fi damunsa shi ne shafinsa. Labari ya fita cewa matar da ta faɗi a Valsora Walƙiya ce a ƙafarta, mutane suka fara rubuto masa tambayoyi. Sai ya sa jar rigarsa, ya hau saman dutse, ya yi sabon bidiyo.

Ya ce, "Abin da ya faru ya taɓa zuciyata, domin 'yar'uwata ce ta jini. Amma ni mai gaskiya ne, ba na duba dangantaka. Katakan nan ba su da laifi. Akwai mutanen da ba sa yarda cewa lokacinsu ya wuce. Na gargaɗe ta a gaban jama'a, ta ƙi ji. Taurari biyar na ba Walƙiya, kuma ban rage ko ɗaya ba."

Wata mai jinya ce ta nuna wa Ornella bidiyon, a zatonta gaisuwa ce daga ƙaninta. Ornella ta kalla har ƙarshe. Ta mayar da wayar, ta juya fuskarta bango. Ugo yana zaune a gefen gado, ya ji komai.

Da ya dawo gari sai ya tarar da Nives tana jiransa a ƙofar gidan burodi, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Yaya Ugo, zo ka ga wani abu." Ta kai shi ɗakin ƙasa na gidan Fulvio ta kunna fitila.

A ƙarshen watan Fabrairu ake gasar gari. Duk Valsora takan taru a gindin Baƙar Hanya, da baƙi, da masu sayar da tsiran alade da zafaffen ruwan inabi. Fulvio ne mai sanarwa kamar kowace shekara, yana kan dandamali da lasifika a hannu, yana zolayar duk wanda ya faɗi. Ina wurin. Ana gab da raba kyaututtuka sai muka ga Ugo ya ratso taro da baƙaƙen katakai a kafaɗa. Na Ornella ne, ɗayan ma da karcen bishiya a jikinsa. Ya hau dandamali, ya karɓe lasifikar daga hannun Fulvio kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro.

Ya ce, "Jama'a, ni ban iya magana ba. Surukina ya ce katakan nan ba su da laifi, matata ce ta tsufa. Na yarda. Ina roƙon ya hau su yau ya sauko Baƙar Hanya, mu ga yadda ake yi, in je in kwatanta mata."

Baƙi ba su san zancen ba, suka ɗauka wasa ne, suka hau tafi suna kiran "Fulvio! Fulvio!" Fulvio ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Suruki, da na so, amma ban zo da takalmana ba."

Daga cikin taro Nives ta ce, "Ga su nan, maigida. Na kawo maka. Sai da na kakkaɓe musu yanar gizo-gizo."

Ya ce gwiwarsa na ciwo. Wani tsoho ya ce, "A'a, gwiwoyi sun yi ritaya ne?" Ya ce maɗaurin katakan ba daidai da takalminsa yake ba. Nan take aka kawo sukundireba aka daidaita. Ya duba ko'ina, bai ga fuskar da za ta cece shi ba. Ko a nan da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da ya rage wa kansa ɗan mutunci. Sai ya ɗaga hannu kamar zakaran gasa, ya shiga motar igiya.

Muka zuba ido. Can sama muka ga ɗan jan ɗigo ya fito bakin gangare ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Tafi ya mutu, aka fara fito da baki. Daga bisani ɗigon ya motsa, ya taho a karkace, ya zo inda zai yi juyin farko, bai juya ba, sai ya zube da gangan ya zauna. Muna kallo ya kwance katakan, ya rungume su, ya fara saukowa da mazaunai, yana ja da baya yana tokarewa da dunduniya. Gangaren da yaran makaranta suka sauko ɗazu kamar tsuntsaye, shi haka ya sauko shi, kuma kowace waya a wurin tana ɗauka.

Mutanenmu ba su da tausayi in suka tashi. Wani ya ɗauki lasifika yana sanarwa da irin muryar Fulvio: "Jama'a, ga wandon nan, taurari biyar! Laushi, biyayya, sauƙin juyawa!" Wata mata ta ce, "A kawo masa masu hoton zomo!" Yara suka bi gefen hanya suna jifansa da dunƙulen dusa, iyayensu ba su hana ba.

Kafin ya iso ƙasa, Ugo ya matso da motar burodinsa ya buɗe baya. Shi da Nives suka riƙa fito da katakai suna kafawa a cikin dusa, ɗaya bayan ɗaya, har suka yi dogon layi kamar shinge. Dukkansu a cikin leda, da takardar kamfani a manne. A ƙarshen layin ga Walƙiyar Fulvio, sabuwa fil. Dariya ta tsaya. Nives ta karɓi lasifika.

Ta ce, "Shekarun nan duka bai hau ko ɗaya ba. Yaya Ornella ta tambaye shi a kan teburina, ya ce ya hau. Ina zaune, na ji."

Fulvio ya iso, wandonsa ya jiƙe sharkaf, ya tsaya a gaban layin katakan yana haki. Ba wanda ya ƙara zaginsa. Mutane suka juya masa baya suka watse, kowa ya kama hannun ɗansa.

Bidiyon saukowarsa ya zagaya fiye da duk sharhin da ya taɓa yi. Kamfanoni suka aiko aka kwashe kayansu. Shafin ya cika da zagi har ya rufe shi. Nives ta tattara kayanta ta koma gidan Ugo, tana jinyar Ornella da aka sallamo. Gidan abincin saman dutse kuwa wasu mutane daga wani kwari suka karɓa, suka cire sunanta daga allon ƙofa. A gidan kofi, in Fulvio ya shigo, teburin da ya nufa sai ya zama ba kowa.

Sai da dusa ta narke, ciyawa ta fito, sannan ya iya zuwa gidan yayarsa. Ya same ta a baranda a kan keken guragu, da bargo a cinya, tana fuskantar dutse. Ta rame, gashinta ya yi fari. Ya cire hula ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ki yafe mini. Tsoro ne. Tun da na faɗi shekarun baya na kasa hawa, kuma na ji kunyar a sani."

Ta dube shi. Ta ce, "Da ka gaya mini kana jin tsoro, da ni zan riƙe hannunka mu sauko tare. Ba ni na koya maka tun farko ba?"

Ya fashe da kuka, ya kai hannu zai kama nata. Ta janye.

Ta ce, "Ƙaryar teburi zan iya cewa kunya ce. Dariyar gidan kofi ma zan iya haɗiyewa. Amma ina kwance ban san inda ƙafafuna suke ba, ka hau dutse ka gaya wa duniya laifina ne."

"Ki faɗi abin da zan yi, Yaya. Komai."

Ta daki hannun keken da tafinta. "Ka ga wannan? Ni na zaɓe shi. Ban karanta sharhin kowa ba. Yana da nauyi, yana ƙara, ƙafar hagu tana ja gefe, kuma ba ya shiga ƙofar banɗaki sai an ɗaga ni. Ka je ka faɗa wa mutanenka haka. Wannan karon gaskiya za ka faɗa, domin an gwada."

Ta ɗaga murya ta ce, "Nives, zo ki shigar da ni, na ji sanyi."

Nives ta fito, ta kama keken ta juya shi, ba ta ko dubi mijinta ba. Ƙofa ta rufe. Fulvio ya daɗe a durƙushe a barandar. Kafin sanyi ya dawo ya sayar da gidansa ya koma wani gari a can ƙasa, inda dusa ba ta sauka. Ornella tana nan, kullum da yamma ana fito da ita baranda. Ba ta sake ambaton sunansa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk wanda mutane suka amince da maganarsa, amana ce a wuyansa, kuma kada ya yabi abin da bai gwada ba, domin wani zai ɗora lafiyarsa da rayuwarsa a kan wannan yabo. Faɗin "ban sani ba" ko "na yi kuskure" kunya ce ta ɗan lokaci, amma ƙaryar da aka yi don gudun kunya takan jawo wata, har ta kai mutum ga zaluntar wanda ya fi kowa ƙaunarsa. Kai kuma mai saye, ka karanta sharhi, ka saurari masana, amma ka gwada da kanka, kuma in jikinka ya gaya maka abu bai dace da kai ba, kada taurarin wani ko dariyar jama'a su sa ka yi shiru.